Tsohon jirgin soja: wanne ake saye, wanne ake bari a inda yake

Hotunan tsofaffin jiragen yaƙi da ake tallatawa a intanet sun sa mutane da dama a Birnin Kebbi da Gusau sun fara tambayar farashi. Akwai mai son kafa jirgi a ƙofar makarantarsa, akwai mai filin shaƙatawa, akwai shugaban sashen injiniya da ke son ɗalibai su taɓa inji da hannunsu, akwai kuma ɗan kasuwar Yauri da ya ji cewa kwale-kwalen soja ba ya mutuwa. Mutum huɗu ne masu buƙatu huɗu, amma dillali abu ɗaya zai nuna musu duka, wato farashin saye, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kuɗin da za a kashe.

A 2021 rundunar sojan ruwan Amurka ta sayar da manyan jiragenta biyu masu ɗaukar jirage, Kitty Hawk da John F. Kennedy, a kan senti ɗaya kowanne ga wani kamfanin yanka jirage a Texas. Ba kyauta aka yi wa kamfanin ba. Kuɗin ja da yanka da kwashe gubar da ke ciki ne suka cinye darajar ƙarfen. Ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da aka kawo maka jirgi da araha.

Takarda kafin ƙarfe

Duk abin da aka ƙera don soja, ko an kwance masa makami, ba ya shigowa Najeriya sai da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, wadda ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro ke bayarwa. Ana nemanta kafin a loda kaya, ba bayan sun iso tashar jiragen ruwa ta Apapa ba. Wanda ya juya wannan tsari zai bar kwantenarsa a hannun kwastan, kuɗin ajiya yana hawa kullum, kuma mai yiwuwa a kira shi amsa tambayoyi. Can ƙasar da kayan suke ma akwai izinin fitarwa. Idan ƙirar Amurka ce, ko da a hannun wata ƙasa take, sai Amurka ta amince a sake sayarwa. Amurka ba ta sayar wa ɗaiɗaikun mutane jiragen yaƙinta na zamani a raye. Jiragen F-14 ma daddatsa su ta yi don kada kayan gyaransu su kai Iran. Shi ya sa kasuwar take cike da ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Cekoslobakiya, sai kaɗan daga Ingila da Faransa.

Batun jiragen ruwa shi ma yana da tarihi a nan gida. A 2014 aka yi ta cece-kuce a Norway bayan an gano cewa tsofaffin jiragen sintirinta shida, ƙirar Hauk, da aka sayar ta hannun wani kamfanin Ingila, sun ɓulla a hannun kamfani mai zaman kansa a Najeriya. An cire musu makamai kafin sayarwa, amma hakan bai hana bincike da shari'a ba. Tun daga nan duk mai sayarwa a Turai da ya ji sunan Najeriya sai ya ninka tambayoyinsa.

Idan kuma jirgin na sojan Najeriya ne, babu wani hafsa da ke da ikon sayar maka da shi a bayan fage, komai girman muƙaminsa. Kayan gwamnati suna fita ne ta hanyar kwamitin da ya tabbatar sun gama aiki, sannan gwanjo ko miƙawa a rubuce, bisa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. Jami'a ko kwalejin kimiyya, irin ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko ta Ƙaura Namoda, hanya mafi sauƙi gare ta ita ce rubuta wa hedkwatar sojan sama a Abuja ta nemi a ba ta ko a ara mata. Kada ka ba da kafin alƙalami ga wanda ya nuna maka hoto kawai. Ba a cinikin biri a sama.

Jirgin da zai tashi

A duniya jirgin da masu kuɗi suka fi saye don tuƙi shi ne L-39 Albatros na kamfanin Aero Vodochody na Cekoslobakiya. Ya fara tashi a 1968, an ƙera fiye da 2,800, kuma sojan saman Najeriya sun karɓi 24 a tsakiyar shekarun 1980 don horar da matuƙa a Kano. Kujeru biyu gare shi, inji ɗaya, AI-25TL ƙirar Yukren. Wanda ke da lafiyar tashi ana tallata shi a dubban ɗaruruwan daloli. Yayansa L-29 Delfin, wanda Najeriya ta yi amfani da shi tun lokacin yaƙin basasa, ya fi araha nesa ba kusa ba, amma injinsa M-701 ba shi da ƙarfi, kuma zafi yana ƙara rage masa. A watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40 a Birnin Kebbi, iska takan yi sako-sako, inji ya rasa turi, fiffike ya rasa ɗauka, sai jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya rabu da ƙasa. L-29 da mutum biyu da cikakken mai a irin wannan rana ba abin wasa ba ne.

L-39 yana shan kananzir ɗin jirgi wajen lita 600 zuwa 700 a awa ɗaya. Ka ninka da farashin lita a yau, ka ga kuɗin yawon awa guda. Amma mai ba shi ne babbar matsala ba. Injin yana da adadin awowin da zai yi kafin a kwance shi a yi masa babban gyara, tsakanin 750 da 1,000 gwargwadon zubinsa, kuma masana'antar da ta ƙera shi tana Zaporizhzhia, garin da yaƙi ya shafa tun 2022. Saboda haka littafin inji ya fi fentin jirgi muhimmanci. Jirgi biyu masu kama ɗaya, wanda ya rage wa injinsa awa 600 da wanda ya rage masa 60, tsakaninsu akwai kuɗin gida. Jirgin da littattafansa suka ɓace, ko aka sake rubuta su da hannu ɗaya da biro ɗaya daga farko har ƙarshe, ka ɗauke shi a matsayin na ado, ka biya kuɗin na ado.

Bayan awowi akwai shekaru. Robobin da ke toshe mahaɗar mai, tiyon haidirolik, jakunkunan roba na tankin mai, tayoyi, duk suna tsufa ko jirgi bai motsa ba. Ƙaramin injin da ke tayar da babban, Saphir, shi ma yana da nasa ƙidayar. Sai kujerar da ke cilla matuƙi waje idan an shiga haɗari: tana aiki da harsasan wuta masu wa'adi, kuma shigo da su wani izini ne daban. Masu jirage da yawa a Amurka sun kashe kujerun nasu saboda wahalar samun harsasan, suka amince cewa in inji ya mutu sai dai a nemi fili. A 2009 wani jirgin Lightning mai zaman kansa ya faɗi a bikin nuna jirage a Afirka ta Kudu bayan haidirolik ya zube, matuƙin ya yi ƙoƙarin fita kujerar ba ta fitar da shi ba. A Ingila kuma, a Agustan 2015, tsohon Hawker Hunter ya faɗa kan babbar hanya a Shoreham ya kashe mutum 11, abin da ya sa aka tsaurara dokokin tashin irin waɗannan jirage a can.

MiG-21 kuwa, wanda Najeriya ta fara karɓa a 1975, a bar shi. Farashinsa kan zo ƙasa da na L-39, kuma nan tarkon yake. Yana ɗaukar mai lita 2,600 zuwa 2,900 ya ƙone shi cikin abin da bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, yana sauka da gudun da ya haura kilomita 250 a awa har sai an buɗe masa laimar birki, kuma injinsa 'yan ɗaruruwan awowi yake yi kafin babban gyara.

Ko duk wannan bai tsorata ka ba, saura rajista. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke ba jirgin farar hula lambar rajistar Najeriya mai farawa da 5N, kuma tsarinta an gina shi ne a kan jiragen da ke da takardar amincewar ƙira ta farar hula, wadda jirgin soja ba shi da ita. A Amurka akwai rukuni na musamman da ake sa su a ciki don nuni. Kafin ka biya ko sisi, ka samu amsar hukumar a rubuce. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa yana da titin da ya ishi L-39, sai dai titi ba ya gyara jirgi. Kana buƙatar rumfa, na'urar ba da wuta ta bolt 28, silindar naitirojin, da injiniya mai lasisi a kan wannan ƙira. Zamfara kuma an taɓa haramta shawagin jirage a samaniyarta a Maris ɗin 2021 saboda tsaro. Yankin da jiragen soja ke aiki kullum ba wurin da ɗan kasuwa zai riƙa yawo da jirgi mai siffar na yaƙi ba ne. Wanda tuƙin yake so, ya fi masa sauƙi ya je ƙasar da ake hayar awa a L-39 ya biya ya dawo.

Jirgin da za a kafa

Wannan ne zaɓin da ya fi dacewa da yankinmu, kuma a nan ƙasa tana tare da mu. Amurka ta zaɓi Tucson a Arizona don ajiye dubban tsofaffin jiragenta saboda bushewar iska. Kebbi da Zamfara suna da wata bakwai zuwa takwas na rani, babu gishirin teku, don haka alminiyam yana daɗewa fiye da yadda zai yi a Legas ko Fatakwal. Abokan gabarmu daban ne: rana, guguwar farkon damina, tsuntsaye, da 'yan gwangwan.

Wajen zaɓi, girma da nauyi ne ke yanke hukunci. L-29 bai kai mita 11 ba a tsawo, nauyinsa babu mai wajen tan 2.3, fiffikensa kuma suna kwancewa gefe-gefe. L-39 mita 12 ne da ɗoriya, tan 3.4, fiffikensa guda ɗaya ne mai faɗin kusan mita 9.5, idan aka sauke fiffiken aka raba gindin jirgin, yana shiga kwantena mai ƙafa 40, kuma haka ake jigilarsa a duniya. MiG-17 ya kusa tan 4, jikinsa mai kauri ne, ya fi jure hannun yara. MiG-21 ya haura tan 5, amma ya fi kowa kyan gani a kan ginshiƙi. Jaguar, wanda Najeriya ta karɓi 18 daga 1984 suka yi 'yan shekaru aka ajiye, tan 7 ne, tsawonsa ya doshi mita 17, sai babbar tirela da kireni mai ƙarfi. Ga makaranta mai son koyarwa, L-29 ko L-39 da injinsa a ciki ya fi. Ga shataletale ko ƙofar fili, gangar jirgin da aka cire wa inji ta wadatar, ta kuma fi araha.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka je da injiniyan jirgi, irin waɗanda suka fito daga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya ko tsofaffin ma'aikatan sojan sama, da tocila da ƙaramin madubi. A buɗe ƙofofin dubawa na ƙasan ciki, ramin tayoyi, da wurin batir. Farin gari a kan alminiyam ciwo ne na sama-sama, ana kankarewa. Idan ƙarfen ya kumbura ya rabu falle-falle kamar shafukan littafi, musamman a kan babbar ƙashin fiffike ko inda fiffike ya haɗu da jiki, ciwon ya shiga ciki, kuma wannan jirgin ba zai hau ginshiƙi ba sai an yi masa ƙarfen tallafi. Wilin tayoyi da wasu sassan inji na maganisiyam ne, suna ruɓewa fiye da sauran. A ƙirga abin da babu: gilashin rufin matuƙi, murfin hanci, ƙofofin taya. Gilashin rufi shi ne mafi wuyar samu, don haka jirgi mai lafiyayyen gilashi ya cancanci ƙarin kuɗi.

Kafin bakanike ko mai walda ya taɓa shi akwai abubuwa biyar da za a tabbatar, kuma a rubuce. An cire duk harsasan kujera da na cilla rufi. Kujerar da ta shekara 30 a ajiye tana iya tashi ta kashe wanda ya ja hannunta. An sauke iskar da ke cikin tulunan haidirolik, ƙafafun taya da silindojin iska, domin matsinsu ya ninka na tayar mota sau da yawa. An tsiyaye mai an bar tankuna a buɗe sun sha iska, tunda tururin kananzir a rufaffen tanki shi ke fashewa idan wutar walda ta kusance shi. An duba agogunan gaban matuƙi, domin na da ana shafa musu fentin radiyam don su yi haske da dare. Kada a buɗe su, kada a bar yaro ya yi wasa da fasasshe. Sai na biyar wanda mutane ba su sani ba: L-39 da jiragen Sobiyet da yawa suna da ƙaramar na'urar gano ƙanƙara, RIO-3, mai ɗauke da sinadarin sitironshiyam-90. A sa mai sayarwa ya cire ta tun can. In ta iso nan, aikin hukumar kula da nukiliya ta ƙasa ne, kuma ba a jefa ta cikin kayan gwangwan.

Wajen ɗauka, a majajjawar zane ake ɗaga shi, daga wuraren da littafin jirgin ya nuna, ba da sarƙa ba. A yi wa gangar gado na katako da tsofaffin katifu ko tayoyi. Daga Legas hanyar ita ce Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yauri, Koko, Jega. Kwafin takardu ya kasance a hannun direba da wani wakili, a kuma sanar da jami'an tsaro tun kafin tafiya, domin hancin jirgin yaƙi da ya leƙo daga tamfol zai tsayar da mota a kowane shinge.

Wajen fenti ake yawan lalata jirgi. Fatar jirgi a wurare da yawa ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Feshin yashi irin na tankin ruwa zai lanƙwasa ta ya cinye kawunan ƙusoshi. Burushin waya na ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jikin alminiyam, ruwan sama na farko ya mayar da su tabon tsatsa. Soda mai ƙuna tana cin alminiyam kai tsaye. Abin da ake yi shi ne maganin cire fenti na jirgi da abin kankara na roba, ko kuma, in tsohon fentin ya kama sosai, a goge shi da takardar yashi mai laushi da ruwa a ɗora a kai. Tsohon shafin farko mai launin rawaya-kore yana da sinadarin kurom mai cutar huhu, don haka gogewa da ruwa da takunkumi mai matata. Sai shafin farko na efoksi, sannan shafi biyu na foliyuriten. Jirgi mai girman L-39 fatarsa ta doshi murabba'in mita 100. Da asarar feshi, ka tanadi wajen lita 20 na shafin farko da 35 zuwa 40 na gamawa. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, damina ta ɗauke ƙurar hunturu ba ta sauko ba, kuma da sassafe. Fentin da aka fesa a kan ƙarfe mai zafi da tsakar rana yana bushewa kafin ya kwanta, ya fito da kaushi. Gilashin rufi kada tina ko fetur ya taɓa shi, ruwa da sabulu mara kaifi kawai. In ya riga ya tsattsage, a shafa masa baƙin fenti mai sheƙi daga ciki. Rumfar kwano a kansa za ta ninka wa fenti da gilashi kwana.

Sai ɗauri. Fiffike bai san an yi masa ritaya ba. Iska mai gudun kilomita 100 a awa, irin wadda ke yaye kwano a watan Mayu da Yuni, tana iya ɗaga kusan tan ɗaya a kan fiffiken L-39 in an kafa shi hanci a sama, ga kuma turi daga gefe a kan jela. Jirgin da aka cire wa kujeru da na'urorin gaba nauyinsa yana komawa baya, ya zauna a kan jelarsa. Ana sa masa nauyi a hanci. A zuba dunƙulen kankare uku, kowanne mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, ƙarƙashin kowace ƙafa. Kowanne zai ci siminti wajen buhu 7, ya auna kusan tan 2.4. A dasa ƙarfe a ciki wanda zai ɗauki gatarin taya, tayar ta tashi daga ƙasa da ɗan yatsa biyu, domin taya ba ta shekara tana ɗauke da nauyi a zafin ranar yankinmu. Duk inda baƙin ƙarfe zai haɗu da alminiyam a raba su da roba ko fenti mai kauri. A kulle filafilan fiffike da jela kada iska ta riƙa buga su. A toshe mashigar iska da mafitar hayaƙi da raga, a bar ƙananan ramukan tsiyayar ruwa na ƙasa a buɗe. Kashin tantabara da jemage yana cin alminiyam, zuma da rina kuma suna son ramin taya. Katanga da maigadi suna cikin kasafi tun farko, domin kilo ɗaya na alminiyam da wayar tagulla kuɗi ne a kasuwar gwangwan, kuma dare ɗaya ya isa a kwance abin da ba za a sake samu ba. Mai son ganin yadda ake ajiye irin waɗannan kaya a Najeriya ya leƙa gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda MiG-17 da Ilyushin-28 da jirgin ruwan NNS Bonny suke a fili.

Babban jirgin ruwan yaƙi

Wannan a taƙaice za a yi shi. NNS Aradu, babban jirgin yaƙin sojan ruwan Najeriya, mita 125 ne, ya haura tan 3,000, yana nitsewa fiye da mita 4 a ruwa. Tsakanin teku da Yauri akwai madatsun Jebba da Kainji, ga rairayi a hanya. Ba zai zo ba. Ko a Legas za ka ajiye, jirgin da ke kan ruwa sai an hau da shi busasshiyar tasha don gyaran gindinsa duk 'yan shekaru, ga kuɗin matsaya da ma'aikatan da za su riƙa kwashe ruwa dare da rana. Jihar Texas ta ware dala miliyan 35 don gyaran jirgin tarihinta guda ɗaya, wanda aka ja zuwa Galveston a 2022. Attajirin Girka Onassis ya sayi tsohon jirgin yaƙin Kanada a 1954 a kan dala 34,000, ya kashe wajen miliyan 4 kafin ya zama jirgin shaƙatawa. Brazil kuwa nutsar da jirginta mai ɗaukar jirage, São Paulo, ta yi a teku a Fabrairun 2023 bayan Turkiyya ta ƙi karɓarsa saboda gubar asbestos da ke jikinsa. Wutar cikin irin waɗannan jirage ma bolt 440 ce mai bugu 60, ba ta dace da tamu mai 50 ba.

Ƙananan jiragen ruwa, waɗanda kogin Kwara zai ɗauka

Ga mutumin Yauri, Warra ko Bagudo, a nan maganar take da amfani. Iri uku ne ke yawo a gwanjon rarar kayan soja. Na farko kwale-kwale mai gudu da ke da balan-balan a gefe. Teku aka yi wa shi. Zafin ranar yankinmu yana sakin gam ɗin balan-balan, ƙayar kifi da kututture suna huda shi, sabon balan-balan kuma yakan kusa kuɗin jirgin. Na biyu jirgin sauke kaya mai buɗe baki, LCM-6: mita 17 tsawo, 4.3 faɗi, yana ɗaukar tan 30 da ɗoriya, mota da shanu da buhunan shinkafa su shiga ta gaba ba tare da matsaya ba. Aikinsa ya dace da mu ƙwarai, sai dai shi kansa wajen tan 30 ne kuma faɗinsa ya kusa ninka na tirela, don haka kawo shi daga Legas aiki ne na izini da rakiya. A lissafa da kyau; sau da yawa sayen falankin ƙarfe milimita 6 a haɗa barji a bakin ruwa ya fi sauƙi. Na uku shi ne jirgin da injiniyoyin soja ke tura gadoji da shi a kogi: alminiyam, mita 8 da 'yan kai, wajen tan 4, injin dizal biyu, ba ya nitsewa fiye da santimita 70, yana hawa tirela ɗaya. Don kogi aka ƙera shi, kuma shi ya fi dacewa, muddin an fahimci cewa ɗan turi ne. Barji ake haɗa masa ya tura. Ba shi da wurin fasinja, kuma cusa masa mutane neman maimaita abin da ya faru kusa da Warra ne a Mayun 2021, inda jirgi mai lodin da ya wuce kima ya kife da mutum fiye da 100.

A fitar da shi daga ruwa kafin ciniki. A auna kaurin gindi da na'urar sauti a kowane rabin mita. Inda ya rage da kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na asali sai an canza falanki. A jikin alminiyam ƙananan ramuka masu zurfi ake nema, galibi inda aka yar da guntun waya ko kwabon tagulla a cikin ruwan gindi. Waldarsa sai da injin argon da wayar da ta dace da alminiyam na ruwa. Mai waldar ƙofa ba zai iya ba, kuma kafin ka saya ka san inda mai iyawar yake. Fentin gindi mai tagulla yana huda alminiyam, a guje shi. Dunƙulen ƙarfen kariya da ya zo da su na zinki ne, na ruwan gishiri. A ruwan daɗi maganisiyam ake sawa.

Yawancin waɗannan ƙananan jirage famfon ruwa ne ke tura su maimakon farfela. A tafkin Kainji, inda itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 suka bar kututture, kuma ruwa ke ja da baya mitoci da dama kafin farin ruwa ya dawo, rashin farfela a ƙasa riba ce. Asararsa ita ce yashi da kainuwa da ragar masunta. A ruwa mara zurfi famfon yana zuƙar yashi, ya cinye zoben da ke kewaye da fanka, sai ka ji inji yana ihu jirgi ba ya tafiya. Ka saya da zobe da fanka na ajiya, in babu su a kasuwa ka cire kuɗin mayar da shi injin rataye daga farashin.

Dizal yana shan kusan lita 0.2 ga kowane ƙarfin doki a awa idan an taka shi sosai, wato inji biyu masu doki 200 kowanne lita 80 ke nan. A rabin gudu da barji abin yana sauka ƙwarai. In injin Detroit ne mai bugu biyu, irin 6-71 ko 6V53, baƙin mai lamba 40 zalla yake so, kuma wanda ya daɗe a ajiye kada a tayar da shi sai an buɗe murfi an tabbatar sandar allurai tana motsi. In ta maƙale a buɗe, injin zai tashi ya yi ta hawa ba ya jin makashi har ya tarwatse, saboda haka mutum ɗaya ya tsaya da faifan katako a shirye don toshe masa iska. A canza fankar roba ta famfon sanyaya inji kafin gwajin farko, a wanke tankin mai, a duba cewa wutar bolt 24 ce kafin a haɗa batir.

Kafin ya taɓa ruwa a yanke mazaunin bindiga, a goge lambobin soja, a sauya launin toka ko na dawa zuwa fari ko ruwan lemo da suna a rubuce manya-manya, a yi masa rajista a hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, a sanar da 'yan sandan ruwa da Sarkin Ruwa, a kuma tanadi rigar ruwa daidai da adadin waɗanda za su hau.